Daga siminti zuwa Olamfik: Abin da ke tsakanin matasan Gure da wasannin ɗaga ƙarfe da zari-ruga

An fi sanin garin Gure, mai nisan kimanin kilomita 170 gabas da birnin Damagaram a kan babbar hanyar Diffa, da tuddan rairayi da kwaruruwan dabino da kanwa. Sai dai kamar sauran garuruwan jihar, gari ne na matasa masu jini a jika, kuma wasunsu sun mayar da ɗaga ƙarfe abin yi da yamma. Kayan aikin ba su wuce bututun ƙarfe guda ba, da gwangwanaye biyu da aka cika da siminti, sai bencin katako a gefen fada.

Kusan rabin al'ummar Nijar ba su kai shekara 15 ba, amma lambobin da ƙasar ta taɓa samu a gasar Olamfik biyu ne kacal: tagullar da Issaka Daboré ya ci a dambe a Munich a 1972, da azurfar da Abdoul Razak Issoufou Alfaga ya ci a tekwando a Rio a 2016. Babu ko ɗaya a ɗaga nauyi, wasan da ya fi kusa da abin da samarin unguwa ke yi kullum. Haka ma zari-ruga, wasan da ke neman irin wannan jiki, bai shiga garuruwan gabashin ƙasar yadda ƙwallon ƙafa da kokowa suka shiga ba.

Darasin Kara-Kara

Wanda ya kalli fim ɗin gaskiya mai suna Zinder, wanda Aïcha Macky, 'yar asalin Damagaram, ta fitar a 2021, ya ga inda wannan ƙarfi ke zuwa idan bai samu hanya ba. An ɗauki fim ɗin a unguwar Kara-Kara, wadda a da aka ware wa masu cutar kuturta, kuma ya bi rayuwar matasan ƙungiyoyin da ake kira pale, waɗanda aka daɗe ana dangantawa da faɗace-faɗacen daba a birnin.

A cikin fim ɗin an ga samari suna ɗaga ƙarafunan da suka haɗa da hannunsu. Babban burin shugaban ɗaya daga cikin ƙungiyoyin shi ne ya kafa kamfanin gadi, domin shi da abokan motsa jikinsa su samu halaliyarsu. Wannan ya nuna iyakar ƙofofin da ke buɗe ga mai ƙarfi a yankin: gadi, dako, kabu-kabu, ko tafiya cirani Libiya ko Najeriya.

Ƙofar da ta fi kowace daraja ita ce kokowa. Tun 1975 ake gasar takobi ta ƙasa, inda jihohi takwas ke tura 'yan kokowa goma-goma, kuma sarkin da ya ɗauki takobi yana tafiya gida da miliyoyin sefa. Damagaram na da tarihi a nan, har filin kokowarta ma sunan Langa-Langa yake ɗauke da shi. Amma gurbi goma a shekara ba zai ɗauki samarin jiha guda ba.

Ɗaga ƙarfen unguwa daban, na Olamfik daban

Abin da aka fi yi a unguwa shi ne gina jiki: a kwanta a benci a tura ƙarfe, a lanƙwasa hannu sau goma ko ashirin don ƙwanji ya fito. Wasan Olamfik kuwa ɗagawa iri biyu ne kawai, kuma kowace ana gama ta cikin daƙiƙoƙi.

Ta farko ita ce fizga. Ɗan wasa zai ɗauke ƙarfen daga ƙasa zuwa saman kansa a motsi ɗaya, ya faɗa ƙarƙashinsa a tsugune, sannan ya miƙe. Ta biyu saɓawa da turawa ce: a fara saɓa ƙarfen a kafaɗu, a miƙe, sannan a cilla shi sama har gwiwar hannu ta miƙe. Kowane ɗan wasa na da dama uku a kowace ɗagawa, alƙalai uku ne ke yanke hukunci, kuma ana haɗa mafi nauyin da mutum ya ɗaga a kowane ɓangare domin a fitar da zakara.

A gasar duniya ta 2021 a Tashkent, Lasha Talakhadze na Jojiya ya fizgi kilo 225, ya kuma tura kilo 267. Turawar kaɗai ta haura buhu biyu da rabi na gero mai kilo ɗari. Irin wannan nauyi ba da damtse ake ɗaga shi ba. Cinya da ƙugu ne ke harba ƙarfen sama, saurin shiga ƙarƙashinsa kuma shi ne ke raba gwani da ɗan koyo.

A nan ne siminti ke gazawa. Sandar gasa ta maza kilo 20 ce, ta mata kilo 15, kuma bakunanta biyu suna juyawa, domin kada nauyin ya murɗe wuyan hannu sa'ad da aka juya ƙarfen zuwa kafaɗa. Faya-fayanta na roba ne, masu launi gwargwadon nauyi: ja kilo 25, shuɗi 20, rawaya 15, kore 10. An yi su ne don a iya sakinsu daga sama su faɗi ba tare da sun fashe ba. Bututun unguwa ba ya juyawa, siminti yana tsagewa idan aka yar, sannan sau da yawa mai ɗagawa bai san ainihin kilon da ke hannunsa ba. Wanda bai san nauyin da ya ɗaga jiya ba kuwa, ba shi da ma'aunin ci gabansa, balle ya samu lambar da zai nuna wa mai horarwa.

Inda zari-ruga ta shigo

Zari-ruga wasa ne na mutum 15 a kowane ɓangare, na tsawon minti 80, da ƙwallo mai siffar ƙwai. Da hannu baya ko gefe kawai ake miƙa ta, kuma wanda ya dangwala ta a bayan layin abokan karawa ya ci maki biyar. Akwai kuma na mutum bakwai-bakwai, mai minti bakwai a kowane zagaye, wanda ya shiga Olamfik a 2016.

Manyan ƙungiyoyin zari-ruga sun daɗe da aro ɗagawar Olamfik cikin atisayensu, saboda motsin iri ɗaya ne. A turereniyar da mutum takwas-takwas ke yi kafaɗa da kafaɗa, ƙarfin daga cinya da gadon baya yake fitowa, kamar miƙewa daga tsugune da ƙarfe a kafaɗa. Idan an jefo ƙwallo daga gefen fili, mutum biyu kan cira abokinsu sama ya cafe ta, wanda kusan turawa ce da mutum a madadin ƙarfe. Kayar da mai gudu da ƙwallo kuma abu ne da duk yaron da ya tashi yana kokowa a dandali ya san kansa: a sunkuya, a kama ƙugu ko cinya, a kai ƙasa.

Kallon wasan ma ya sauƙaƙa. Tashar Canal+, wadda gidajen kallon ƙwallo a Nijar suka dogara da ita, tana nuna gasar Top 14 ta Faransa, sauran kuma ana samun gutsattsarinsu a waya. A ranar 28 ga Oktoban 2023, Afirka ta Kudu ta doke New Zealand da ci 12 da 11 ta ɗauki kofin duniya karo na huɗu, ƙarƙashin Siya Kolisi, baƙar fata na farko da ya zama kyaftin ɗin ƙungiyar, wanda ya tashi cikin talauci a unguwar Zwide. A 2025 kuma Maro Itoje, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, ya zama kyaftin ɗin Ingila.

Ƙasar Gure ma tana da nata tasiri a kan wasannin biyu. Rairayi yana rage zafin faɗuwa, yana kuma ƙarfafa ƙafar mai gudu, muddin an share ƙarangiya daga filin. Amma ga mai ɗaga ƙarfe haɗari ne, domin idan dunduniya ta nutse lokacin da ƙarfe ke saman kai, gwiwa ko kafaɗa ce za ta biya. Ɗagawa na buƙatar daɓe mai tauri da ya daidaita.

Haɗa biyun a mako guda

Matashin da ba albashi yake karɓa a wasa ba, wanda zai wuni a kasuwa ko a kan babur, dole ya yi tsimin ƙarfinsa. Tsarin da masu horarwa suka saba bi mai sauƙi ne. Ɗagawa kwana biyu ko uku a mako ta wadatar. Ana fara atisaye da fizga ko saɓawa tun jiki bai gaji ba, sau ɗaya zuwa uku a jere, a huta, a sake, sannan a koma tsugune da ƙarfe. Ba a ɗora wa ƙafa nauyi mai yawa idan saura kwana biyu a buga wasa. Ɗan koyo kuma da sandar gora ko ƙotar tsintsiya yake farawa, har sai jiki ya haddace motsin.

Akwai inda wasannin biyu ke cin karo. Ɗaga nauyi rukuni-rukuni ne bisa nauyin jiki, don haka ɗan wasa kan tsare kilonsa, alhali mai turereniya a zari-ruga ƙarin jiki yake nema. Zari-ruga na buƙatar dogon numfashi, kuma gudu mai yawa yana rage wa ƙafa kaifin da fizga ke so. Kafaɗar da ta bugu ranar Lahadi ba za ta riƙe ƙarfe a sama ranar Litinin ba. Shi ya sa masu yin biyun kan raba shekara: lokacin wasanni a rage ƙarfe, idan an tafi hutu a ƙara.

Zafi ma yana da nasa hukunci. A watannin Afrilu da Mayu ma'auni kan haura 40 a yankin, don haka bayan sallar asuba ko gab da magariba ne lokacin atisaye, da azumi kuma sai bayan an sha ruwa. Masana abincin 'yan wasa kan ba da shawarar gram 1.2 zuwa 2 na sinadarin gina jiki a kullum ga kowane kilo na nauyin mutum. Ba sai an sayi garin gwangwani daga waje ba: wake, nono, ƙwai, ƙuli-ƙuli da soyayyar fara duk suna cikin kasuwa.

Babban tarkon shi ne ƙwaya. Tramol, wadda ta yi katutu a tsakanin masu aikin ƙarfi a Nijar da arewacin Najeriya, tana ɓoye ciwo ne kawai, sai mutum ya ci gaba da ɗagawa a kan jijiyar da ta riga ta yage. Daga 1 ga Janairun 2024, hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya, WADA, ta haramta ta a lokacin gasa. A zari-ruga kuma ƙa'idar hukumar wasan ta duniya ita ce duk wanda ya bugu a kai har ya nuna alamar jiri ko ruɗewa, a fitar da shi, kada ya koma fili a ranar.

Hanya ta fi ƙarfi wuya

Nijar na da hukumar zari-ruga ta ƙasa, mamba a Rugby Africa, kuma ƙungiyar ƙasar ta sha karawa da maƙwabta irin su Mali da Burkina Faso. Sai dai hukumomin wasanni a Yamai suke, tafiyar sama da kilomita 1,000 daga Gure. Kano, inda ƙungiyar zari-ruga ta Barewa take, ta fi kusa nesa ba kusa ba, domin kimanin kilomita 240 ne tsakaninta da Damagaram.

Tarihi ya nuna ana iya farawa daga ƙasa. Hidilyn Diaz ta Filifin, 'yar mai tuƙa babur mai ƙafa uku a Zamboanga, da siminti ta fara ɗagawa. Da annobar korona ta ritsa da ita a Malesiya, ta ci gaba da atisaye da gora da jarkokin ruwa, sannan ta tura kilo 127 a Tokyo a 2021 ta ci wa ƙasarta zinariyar Olamfik ta farko. Mariam Usman, haifaffiyar Kaduna, ta zo ta biyar a Beijing a 2008, amma bayan an sake gwajin ƙwaya aka kama biyu daga cikin waɗanda suka sha gabanta, tagulla ta dawo hannunta. A 2014 ta ci zinariya a gasar ƙasashe renon Ingila a Glasgow.

Abin da ya haɗa su biyun shi ne sun samu mai horarwa da sanda ta gaskiya da gasar da ake rubuta sakamako tun suna ƙanana. Shi ma Alfaga sai da ya samu horo a Jamus kafin azurfar Rio da kambun duniya na 2017.

Kayan farawa ba su da yawa: sanda ɗaya mai juyawa, faya-fayan roba 'yan kaɗan, daɓen siminti da aka shimfiɗa wa katako, da ƙwallaye biyu ko uku. Abu ne da ƙungiyar 'yan asalin gari mazauna waje za ta iya haɗa kuɗinsa, kamar yadda aka saba haɗa na rijiya ko na aji. Kafin nan, ko sikelin masu awon hatsi ya isa a auna gwangwanayen siminti a rubuta nauyinsu a jiki. Horar da malaman motsa jiki na makarantun sakandare da shirya gasar jiha kuwa aikin hukuma ne.

An tabbatar da ɗaga nauyi a cikin wasannin Los Angeles na 2028. Gasar Olamfik ta matasa ta 2026 kuma, wadda ita ce ta farko a nahiyar Afirka, Dakar aka ba wa, kuma jerin wasanninta ya ƙunshi zari-rugar mutum bakwai da kokowar rairayi. Rairayi da 'yan kokowa dai Gure ba ta rasa su ba. Abin da ya rage shi ne wanda zai auna ƙarfin samarinta ya rubuta, ya kai sunayensu inda ake zaɓe.