Tashoshin da ke faɗar lokaci a gajeren zango: me ya sa kasuwarsu ke watsewa?

Wanda ya girma yana murɗa rediyo a kan mita 19 ko mita 25 ya san halin gajeren zango: murya ta taho garau, ta dushe, ta yi ƙugi, ta sake dawowa. A tsakanin waɗannan tashoshi akwai wasu da ba su da labarai, ba su da kiɗa. Aikinsu ɗaya ne, su buga ƙyas a kowace daƙiƙa, su faɗi lokaci a kan kowane minti. Fitacciyar cikinsu ita ce WWV ta hukumar awo ta Amurka, NIST, tashar da aka yi wa rajista a 1919, ta koma Fort Collins ta jihar Kolorado a 1966. Tana watsawa a kan megahaz 2.5 da 5 da 10 da 15 da 20. Ƙanwarta WWVH tana tsibirin Kauai na Hawai, kuma da yake sun yi tarayya a wasu zangunan, sai aka ba WWV muryar namiji, aka ba WWVH ta mace, don mai sauraro ya bambance.

Abin da kunne ba ya lura da shi shi ne, ƙarƙashin wannan ƙyas-ƙyas akwai wani siririn amo mai haz 100 da ke ɗauke da minti da awa da ranar shekara a lambobin da na'ura ke karantawa. Tashar CHU da Kanada ta kafa kusa da Ottawa ta bi wata hanyar: daga daƙiƙa ta 31 zuwa ta 39 na kowane minti, sai ta aika da lokacin cikin kukan tsohon modem. Kwamfuta na buƙatar wannan ne saboda agogon cikinta ɗan ƙaramin dutsen kwaz ne mai rawa, zafi da sanyi na sauya masa taki, har ya iya zamewa da daƙiƙa guda ko fiye a yini. David Mills na Jami'ar Delaware, wanda ya ƙirƙiro tsarin NTP na daidaita agogunan intanet a 1985, ya rubuta manhajar da ke sauraron WWV da CHU ta kafar sautin kwamfuta. Rediyo mai araha, doguwar waya a matsayin eriya, shi ke nan ka samu agogo mai jone da na gwamnati.

Yau kaɗan ne ke yin haka, tashoshin ma suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Ingila ta daina watsa siginar MSF a gajeren zango a 1988. Jafan ta rufe ɓangaren gajeren zango na JJY a 2001, ta riƙe dogon zango. VNG ta Ostireliya ta yi shiru a ƙarshen 2002. Cikin manyan da suka jure akwai RWM ta Rasha da BPM ta Sin.

Babban dalilin yana can sama. Igiyar gajeren zango ba ta tafiya miƙe. Sai ta hau ta bugi wani sashe na sararin samaniya da rana ke cika wa caji, ta faɗo ƙasa, ta sake tashi. Wannan rufi kuwa ba ya zama wuri ɗaya: tsayinsa da rana daban, da dare daban, yana kuma sauyawa da lokutan shekara da fushin rana. Igiyar rediyo na cin kilomita 300 a milisakan guda, wato kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Daga Fort Collins zuwa Kano kimanin kilomita 11,000 ne, jinkirin ya haura milisakan 35. Ba jinkirin ne matsala ba, don ana iya lissafa shi a cire. Matsalar ita ce yana motsi, tsalle uku yau, huɗu gobe. Duk ƙwarewar mai karɓa, da wuya ya matse kuskuren ƙasa da milisakan guda.

A shekarun 1980 wannan ya wadatar. Sai taurarin ɗan Adam na GPS suka zo, kowanne ɗauke da agogon atom, kuma ɗan akwatin da bai kai tafin hannu ba yana ba da lokaci da kuskuren da bai kai kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa ba. Buƙata ma ta ƙaru. Dokar kasuwannin kuɗi ta Tarayyar Turai da ta fara aiki a 2018 ta wajabta wa masu ciniki da kwamfutoci masu tsananin sauri kada agogonsu ya kauce da fiye da kashi ɗaya cikin goma na milisakan. Turakun wayar salula na zamani sun fi haka tsauri nesa ba kusa ba. Gajeren zango ba shi da ta cewa a wannan fage. Ga kuma hayaniyar gida: cajar waya, inbata, ƙwan fitila na zamani, duk suna zubar da ƙara a zangon da siginar ke bi. Mai kwamfuta a ofis kuwa bai ma san ana yi ba, intanet na gyara masa agogo kyauta.

A nan ne na ga inda gizo ke saƙar. Tsarin NTP kamar isnadi yake: wannan na'ura ta karɓa daga waccan, waccan daga wata, har a kai ga wadda ke jone da agogon asali. Hikimar Mills ita ce a tambayi majiyoyi da yawa, a yar da wadda ta saɓa wa sauran. To amma idan ka bi salsalar majiyoyin yau, akasarinsu ga GPS suke tuƙewa. Jiyau goma ne, ganau ɗaya. Ranar da ganau ya yi tuntuɓe, dukkansu za su haɗa baki a kan kuskure, ba wanda zai musa.

An kuwa ɗanɗana. A watan Janairun 2016, lokacin da ake sallamar wani tsohon tauraro daga aiki, wasu taurarin GPS sun riƙa aiko da lokaci mai kuskuren kashi 13 cikin miliyan na daƙiƙa na tsawon sa'o'i, abin da ya rikita kayan kamfanonin sadarwa, har da wasu turakun rediyon dijital na BBC. A Yulin 2019 tsarin Galileo na Turai ya tsaya kusan mako guda. Siginar tauraro tana isowa ƙasa a galabaice, don haka toshe ta ko kwaikwayonta ba wuya, kuma abin ya zama ruwan dare a kewayen tekun Baltik da Bahar Aswad da Gabas ta Tsakiya. WWV ba za ta kama kuskure ƙanƙani irin na 2016 ba, gaskiya ke nan. Amma idan maƙaryaciyar sigina ta karkatar da agogo da daƙiƙa ko da awa, tsohuwar tashar za ta tona asiri nan take, ba tare da tauraro ko intanet ba. Guntun gatarinka ne.

Masu riƙe da baitulmali ba su cika kallon abin ta nan ba. A kasafin 2019 gwamnatin Amurka ta nemi rufe tashoshin lokaci na Kolorado da Hawai don tsimin dala miliyan 6.3. 'Yan rediyon sha'awa suka yi ca, majalisa ta ƙi amincewa, WWV ta yi bikin cika shekara ɗari a Oktoban 2019. Ta kuma samu wasu abokan hulɗa. Ma'aikatar tsaron ƙasar ta yi amfani da wasu mintocinta wajen aika saƙon atisayen sadarwar gaggawa. Masana sararin samaniya kuma, tare da 'yan rediyon sha'awa na ƙungiyar HamSCI, suna karɓar siginarta a wurare da dama suna auna yadda take karkacewa a hanya. Sun san agogon da ke Fort Collins ba ya zamewa, don haka duk wani motsi da suka gani a na'urarsu, daga rufin sama ya fito.