Me ya sa barin giya farat ɗaya kan iya zama haɗari?

Mutum ya fara da kwalba ɗaya bayan aiki, sai ta koma biyu, yanzu kuma ukun ma ba ta yi masa komai. Wannan ba ƙarfin jiki ba ne kamar yadda wasu ke taƙama, ƙwaƙwalwa ce ta saba.

Akwai sinadarai biyu da ke riƙe da ragamar ƙwaƙwalwa. GABA shi ne birki, yana kwantar da jijiyoyi. Glutamate kuma totur ne, yana zaburar da su. Barasa tana ƙara wa birkin ƙarfi, ta danne totur. Idan aka daɗe ana sha kullum, sai ƙwaƙwalwa ta sassauta birkinta, ta ƙara totur, don ta daidaita. To, ranar da aka janye giyar kwatsam, sai a bar ta da totur a matse, birki kuma ya yi sanyi.

Shi ya sa awa 6 zuwa 24 bayan kofin ƙarshe ake fara rawar hannu, zufa, tashin zuciya, faɗuwar gaba da rashin barci. Wasu kan yi farfaɗiya cikin kwana biyun farko. Kaɗan daga ciki, wajen kwana na biyu zuwa na huɗu, sukan ruɗe, jiki ya yi zafi, su riƙa ganin abin da babu. Likitoci na kiran wannan delirium tremens, kuma yana kisa idan ba a kai mutum asibiti ba. A gida kuwa, sau da yawa cewa ake yi aljanu ne.

Saboda haka, idan kana sha kullum, ko hannunka na rawa da safe har sai ka kurɓa, kada ka yanke kai kaɗai. A asibiti ana ba da magani irin su diazepam na 'yan kwanaki, ana ragewa a hankali, tare da bitamin B1, wanda masu yawan sha ke ƙarancinsa. Kada ka saya da kanka a kemis, haɗa shi da giya na iya tsayar da numfashi.

Wanda shansa bai kai nan ba yana iya ragewa da kansa: ya rubuta abin da yake sha kullum (yawanci ya fi abin da yake zato), ya ware ranakun da ba ya taɓawa, ya sauya hanyar komawa gida idan ta mashaya take bi.

Abu mafi wuya a wajenmu shi ne kunya. Da yawa a ɓoye suke sha, don haka a ɓoye suke ƙoƙarin bari, wanda shi ne ya fi haɗari. Likita dai wajibi ne ya riƙe sirrinka. Asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kaduna, Maiduguri da Kware a jihar Sakkwato suna duba masu matsalar shaye-shaye, kuma akwai magunguna irin su naltrexone da ke rage kwaɗayin giya bayan kwanakin farko sun wuce.