Ruwan wata biyar, tuwon wata goma sha biyu

Wanda ya san birnin Zariya ya san ba gidaje kaɗai ganuwa ta kewaye ba. Magabata sun bar fili a cikinta don noma, ko da an rufe ƙofofi saboda yaƙi a samu abin sa wa a baki. Yau gine-gine sun cinye yawancin wannan fili, manomin birni sai ya fita ta Ƙofar Gayan ko Ƙofar Kona kafin ya kai gonarsa. Amma matsalar da suka yi wa tanadi tana nan: ruwa na zuwa ne a ɗan lokaci, ciki kuwa kullum yana nema.

A ƙasar Zazzau ana samun ruwan sama kimanin milimita 1,000 a shekara, daga watan Mayu zuwa farkon Oktoba, marka kuma a Agusta. Wannan ba ƙaramin ruwa ba ne. Milimita ɗaya a kan fili mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita ɗaya lita guda ce. Ke nan rufin kwano mai mita 10 tsawo da mita 10 faɗi yana zubar da kusan lita 100,000 a damina ɗaya, wato duro 500. Duk yana bin indararo ya faɗa kwata. A ƙasar Tubalu, wasu ƙananan tsibirai a tekun Fasifik, ba su da kogi ko ɗaya, da ruwan rufi da tanki suke rayuwa. Mu muna da kogunan Galma da Kubanni, shi ya sa muke sake.

A gona, babban rumbun ruwa ita ce ƙasar kanta. Gonar da ta sha takin gida tana riƙe danshi fiye da wadda takin zamani kaɗai ta sani. Idan gonar gangare ce, a yi huɗa a gicciye, kada kunya ta bi hanyar ruwa. Ana kuma iya datse kwarin kunya nan da can da ɗan tudun ƙasa, ruwa ya tsaya ya nutse maimakon ya kwashe taki ya tafi. Sannan kada a yi gaggawar shuka da ruwan farko. Sau da yawa yakan ɗauke na mako biyu, iri ya ƙone. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina duk farkon shekara, ya kamata a saurara.

Inda na fi damuwa shi ne abin da ake shukawa. Masara ta mamaye gonakinmu saboda tana kawo kuɗi. Amma tana son taki da ruwa a kan kari, musamman lokacin da take fitar da gemu, kuma tuwonta kaɗai ba ya gina yaro. Za a ga rumbu cike, yaron gidan kuwa ya tsumbure, domin jikinsa bai samu wake da gyaɗa da ganye ba. Iyayenmu suna haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya. Gero ya nuna da wuri ya kori yunwar tsakiyar damina, dawa ta jure ƙarancin ruwan ƙarshe, wake ya ƙara wa ƙasa ƙarfi ya bar harawa ga dabbobi. An taɓa ɗaukar wannan a matsayin ci baya. A shekarun 1960 wani masani a Samaru, David Norman, ya bi manoman ƙauyukan Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi, ya gano cewa haɗa amfani yana rage asara kuma yana da riba.

Iri ma ba nesa yake ba. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, wadda aka kafa tun 1922, ita ke fitar da masara mai suna SAMMAZ, da wake SAMPEA, da gyaɗa SAMNUT, da dawa SAMSORG. A cikinsu akwai masu nuna da wuri, akwai masu jure wuta-wuta, akwai masara mai ruwan lemo wadda ke ɗauke da sinadarin bitamin A mai kare ido. A tambayi malamin gona wanne ya dace da ƙasar mutum.

Kafin a raba gona, maigida ya zauna da uwargida, don ita ta san watan da wake ke yankewa da lokacin da miya ke komawa kuka zalla. Wanda ke da kadada ɗaya ya ware wa wake ko waken suya wani yanki, ko da buhun masara zai ragu. Rama da yakuwa da kuɓewa a shanya su a inuwa tun da kaka. A tsakar gida kuma, zogale biyu ko uku a gindin katanga, ruwan alwala da na wankin shinkafa ya ishe su su kai bazara da ɗanyen ganye.