Zaɓen Makamin Harbin Dabbobi Masu Ɓarna a Gonakin Ƙasar Kunci

Gabatarwa

Manomi ba shi da abokin gaba da ya fi wanda yake cin amfanin gonarsa tun kafin ya kai rumbu. A ƙasar Kunci, wadda take arewacin Jihar Kano, maƙwabciyar Bici da Tsanyawa, kurege yakan tone gyaɗa tun daga ranar shuka, zomo ya bi wake yana ɗan tsiro, gafiya da ɓera su dami damin da aka tara, tsuntsayen jan baki kuwa su sauka a kan gero da dawa lokacin da suka fara ƙosawa. Wannan maƙala za ta duba yadda maharba suke zaɓen girman harsashi domin harbin irin waɗannan ƙananan dabbobi daga nesa, sa'an nan ta auna ko ma'aunin nan ya dace da ƙasa mai cunkoson gonaki da gidaje irin ta Kunci.

Bindiga a Ƙasar Kano

Bindiga ba baƙuwa ba ce a ƙasar Kano. Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Kumbari, wanda ya yi mulki daga 1731 zuwa 1743, aka riƙa kawo garkuwoyi da bindigogi daga ƙasar Nupe, kuma Sarki Babba Zaki, daga 1768 zuwa 1776, shi ne ya fara ajiye 'yan bindiga a fada. Irin waɗannan bindigogi ta baki ake ɗura musu albarushi, a cusa tsumma, a zuba ƙwayoyin dalma ko guntayen ƙarfe. Daga baya maƙera na gida suka naƙalci ƙera su, su ne ake kira bindigar toka, ko harba-ka-ruga, domin kafin a sāke ɗurawa abin da aka harba ya tsere, ko kuwa ya juyo kan maharbi. A 1890 ƙasashen Turai suka ƙulla yarjejeniya a birnin Burasels wadda ta taƙaita sayar da bindigogin zamani a yawancin Afirka. Wannan yana daga cikin dalilan da suka sa bindigar toka ta daɗe a hannun maharbin karkara.

Ma'anar Girman Harsashi

Abin da ake nufi da girman harsashi shi ne faɗin ramin bututun bindiga, da inci ko da milimita. Idan an ce .22, ana nufin kashi 22 cikin 100 na inci, watau kimanin milimita 5.6. Idan an ce .17, kimanin milimita 4.3 ke nan. Bindigar harbin nesa tana da murɗaɗɗen zane a cikin bututunta, wanda yake sa harsashi ya fita yana juyawa kamar mazari, saboda haka ba ya wuntsilawa a iska. Bindigar toka da bindiga mai baki biyu ta harbin tsuntsaye ba su da wannan zane, cikinsu sumul yake, shi ya sa ba su da nisan zango.

Harbin ƙananan dabbobi masu ɓarna daga nesa ya bunƙasa ne a Amurka, inda ake da filayen kiwo masu faɗi, da wasu dabbobi dangin kurege masu haƙa ramuka a makiyaya. Can aka fito da .22 LR a 1887, da .222 Remington a 1950. Kamfanin Remington ya fara sayar da .22-250 a 1965, kamfanin Hornady ya fito da .17 HMR a 2002, sa'an nan .204 Ruger ya biyo baya a 2004. Abin lura a nan shi ne, .22 LR da .22-250 kusan faɗinsu ɗaya, amma albarushin da yake bayan kowanne ya bambanta ƙwarai, don haka aikinsu ma ya bambanta.

Abubuwa Huɗu da Ake Dubawa

Na farko shi ne gudu da faɗuwar harsashi. Da zarar harsashi ya bar bakin bindiga, sai ya fara gangarowa ƙasa, kamar kowane abu da aka saki. Harsashin .22 LR, mai nauyin giram 2.6, yana fita da gudun kimanin mita 350 a daƙiƙa. Kafin ya ci mita 100 ya ɓata kusan sulusin daƙiƙa, ya kuma gangaro kusan rabin mita daga layin bututu. Na .22-250 kuwa yana fita da gudun da ya haura mita 1,100 a daƙiƙa, sai ya ci wannan tazara cikin kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa, faɗuwarsa kuma kimanin santimita 5 ce. Wannan ne ya sa mai son harbin abu ƙarami kamar kurege a mita 300 yake neman mai gudu.

Na biyu shi ne iska. Harsashi mara nauyi iska takan kaɗa shi gefe. Na .17 HMR nauyinsa giram 1.1 ne kawai, yana tafiya sak a ranar da gari ya yi tsit, amma iskar hunturu mai busowa daga arewa maso gabas tana iya kautar da shi daga abin da aka auna.

Na uku shi ne tsada da ƙara. Harsashi mai yawan albarushi ya fi tsada, ya fi ƙara, kuma zafinsa yana cinye zanen cikin bututu da wuri. Bugu da ƙari, yakan dagargaza ƙaramar dabba. A Amurka wannan ba abin damuwa ba ne, domin yawancin abin da ake harbi a wannan fanni ba a ci. A ƙasar Hausa kuwa zomo da kurege da gafiya nama ne, kuma Musulmi yana bukatar ya yi bismilla lokacin harbi, in ya tarar da dabbar da sauran rai ya yanka ta.

Na huɗu shi ne inda harsashi zai faɗa idan ya kuskure. Wannan shi ne ya fi kowanne muhimmanci a ƙasar Kunci.

Yanayin Gonakin Kunci

Tun a 1965 Michael Mortimore da J. Wilson, na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, suka bayyana karkarar Kano a matsayin ƙasa mai cunkoson jama'a, inda ake nome kusan kowane fili kowace shekara ba tare da an bar shi ya huta ba. Haka abin yake a gonakin arewacin jihar. Gona tana jingine da gona, ƙauye yana hango ƙauye, tsakaninsu akwai burtali da 'yan hanyoyin ƙafa. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, babu tudun da zai tare harsashi. Da damina dawa da gero sukan fi mutum tsawo, mai noma a gonar gaba ba a ganinsa. Da rani kuwa mata da yara suna kiwo da roron kara, Fulani suna cin gona da shanunsu, masu lambu suna ban ruwa a gefen kogin Gari.

To, harsashin .22 LR, duk da ƙanƙantarsa, yana iya tafiya fiye da kilomita ɗaya da rabi idan aka ɗaga bakin bindiga sama, kuma sananne ne da tsalle in ya bugi busasshiyar ƙasa mai tauri. Masu gudu irin su .223 Remington suna wuce kilomita biyu da rabi. Duk wanda ya auna shirwa a kan gawo ko ɗorawa da irin wannan bindiga, to, ya aika da harsashi cikin wata unguwa da bai sani ba. Masu iya magana sun ce garin gyaran gira a kan rasa ido. Ƙananan ƙwayoyin bindiga mai baki biyu ba sa kisa sai a cikin mita 35 zuwa 40, kuma suna zubewa ƙasa kafin mita 300. Bindigar iska mai milimita 4.5 ko 5.5 ta isa ɓera da kurciya a cikin mita 20 zuwa 30.

Matsayin Doka

Dokar Makamai ta Nijeriya ta 1959 ta raba bindigogi kashi uku. Kashi na farko su ne haramtattu, irin na yaƙi, har da masu girman milimita 7.62 da inci .303, waɗanda ba a riƙe su sai da izinin Shugaban Ƙasa. Kashi na biyu ya ƙunshi bindigar harbin tsuntsaye, da ta farauta mai dogon zango, da ta iska, kuma lasisinsu yana hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Kashi na uku su ne masu ɗuri ta baki, irin bindigar toka, waɗanda dokar ta danƙa al'amarinsu ga Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Ashe ke nan ko bindigar da maƙerin ƙauye ya ƙera ba ta fita daga ƙarƙashin doka ba.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa harsashin da ya fi gudu da nisan zango an yi shi ne domin ƙasar da babu kowa a bayan abin harbi. A ƙasar Kunci makamin da ya dace shi ne wanda ƙarfinsa yake ƙarewa kafin ya tsallake iyakar gona. Har wa yau, yawancin masu ɓarnar nan ba bindiga ce maganinsu ba. Jan baki dubbai suke sauka, sai majajjawa da gwangwani da mutum-mutumi, ko feshin hukuma a makwancinsu. Ɓera da gafiya sai tarko da kyanwa da rumbu mai kyakkyawan murfi. Zomo da kurege kuwa farautar rani ta karnuka da sanduna tana rage su, bayan an kawar da amfanin gona kuma kowa yana ganin kowa.