Kafin ka sayi katin hoto, duba mitarku: yadda ake harhaɗa kwamfutar gem a Zangon Kumasi

Duk matashin da ke son harhaɗa kwamfutar buga gem a Kumasi, YouTube ce makarantarsa ta farko. A can zai ga Bature cikin ɗaki mai sanyi yana jera kaya a kan tebur, yana kiran farashi da dala. Abin da Baturen ba zai faɗa ba shi ne, wutar gidansa ba ta rawa, ƙurar hunturu ba ta shiga ta tagarsa, kuma ba ya raba mita ɗaya da ɗaki takwas. Mu a Aboabo da Asawase da Sabon Zango, waɗannan abubuwa uku su ya kamata su fara zaɓa wa mutum kaya, kafin sha'awarsa ta sa baki.

Ni malamin makaranta ne, ba ɗan kasuwar kwamfuta ba. Amma tsofaffin ɗalibaina, musamman masu koyon aiki a Suame Magazine da masu zubin adashe a Kejetiya, sukan tare ni da takarda a hannu: "Ticha, duba mana wannan lissafin." Kusan kullum takardar iri ɗaya ce. Katin hoto mai tsada a sama, an ja masa layi biyu. Akwatin wuta kuwa yana can ƙasa, babu suna, sai "kowane iri."

To daga ƙasan nan nake fara gyara.

Akwatin wuta, wanda 'yan kasuwa ke kira fawa-saflai, shi ke karɓar wutar bango ya raba wa kowane ɓangare daidai ƙarfinsa. In ya yi kuskure sau ɗaya, yana iya tafiya da madabod da katin hoto a dare guda. Wanda ya ga dumso na 2014 da 2015 ya san ba ɗaukewar wuta ce ke kashe kaya ba, dawowarta ce. Ga kuma tsawar damina. Don haka a nemi na kamfanin da aka sani, irin su Corsair, Seasonic ko Cooler Master, mai wat 550 zuwa 650, mai tambarin 80 Plus Bronze ko sama da haka. Wannan ɓangare kaɗai nake cewa a saya sabo fil a kwali, ko da za a rage wani abu. Araha ba ta ado, balle a wurin wuta.

Akwai wani tarko a kayan hom-yus da ke zuwa daga Amurka. Wasu tsofaffin akwatunan wuta suna da ɗan jan makunni a baya, gefe ɗaya 115, ɗaya 230. Wutar Ghana 230 ce. In aka jona shi yana kan 115, sai dai ƙara da hayaƙi.

Bayan shi sai UPS, kuma a lura da lambar jikinsa. Wanda aka rubuta wa 650VA ba wat 650 yake bayarwa ba, bai fi 360 zuwa 390 ba. Ya ishi kwamfutar ofis, amma ta gem tana tsakiyar aiki tana iya fin ƙarfinsa. A nemi 1000VA zuwa sama. Aikinsa ya ba ka minti biyar ka kashe na'ura cikin mutunci, ba ka ƙarasa wasan da ka fara ba.

Yanzu mu zo kan abin da ake ta ɗoki, katin hoto. Shi ne zai cinye kaso mafi tsoka na kuɗin, kuma haka ya dace. Tambayar ita ce, wane gem za ka buga? Yawancin samarinmu ƙwallo ce, wato EA Sports FC, wadda ta bar sunan FIFA a 2023, ko eFootball, sai GTA V da Call of Duty. A allo mai 1080p, waɗannan ba su buƙatar kati na sarauta. RX 6600 na AMD, mai giga 8, wanda ya fito a 2021, ya wadatar. RTX 3060 na Nvidia, shi ma na 2021, ya fi ma'ajiya, giga 12, abin da zai yi wa mai haɗa bidiyon biki amfani. RTX 4060 na 2023 giga 8 ne, amma ga inda ya burge ni: wat 115 kacal yake ci, alhali 3060 na cin 170, RX 6600 kuma 132.

Me ya sa nake ƙirga wat kamar mai auna gari? Saboda mita. A ce duka na'urar da allonta suna cin wat 300, ana kunna ta awa huɗu kullum. A wata yunit 36 ke nan. Rukunin rangwamen da hukumar PURC ta ware wa masu ƙaramin amfani da wuta ya tsaya ne a yunit 30. Ka ga kwamfutar ita kaɗai ta tsallake shi, tun ba a kunna fanka ba. A gidan haya mai mita ɗaya, inda ake raba kuɗin wuta da ƙirgen ƙwan fitila da firji, wannan magana ce da za ta kai gaban mai gida. Gara a yi ta tun kafin kaya su shigo.

Shi ya sa ba na son tsohon RX 580 da ya cika shaguna da shafukan Jiji da Tonaton. Katin 2017 ne, yana cin wat 185, kuma da yawansu sun yi bauta a wurin masu haƙar kuɗin kirifto, dare da rana babu hutu. Da Ethereum ta daina amfani da katin hoto a ranar 15 ga Satumban 2022, sai aka juye su kasuwannin duniya. Ba duk na hannu ne matacce ba, amma gani ya kori ji. In ka je Adum wajen PZ, ka ce a jona katin a gabanka. A buɗe manhajar GPU-Z a tabbatar sunan ciki ya yi daidai da na kwali, a saki FurMark na minti goma sha biyar, kana kallon zafi, kana sauraron fanka. In hoto ya fara ɗige-ɗige, ko mai shago ya fara "massa, ba lokaci," ka yi masa sallama. Kuma kar a tura MoMo ga wanda ba a gani ba, ko da ya rantse kayan suna tashar Tema.

Furosesa ba ta da wahala. Ryzen 5 5600 ko Intel Core i5-12400F, dukansu na 2022 ne, kowace na da cibiya shida, kuma kowace za ta riƙe katunan da na ambata. Dukansu ba su da hoto na kansu, don haka babu kati, babu komai a allo. Ta Ryzen tana hawa madabod mai gurbin AM4, kamar B550. In B450 ce, a tambaya ko an sabunta BIOS ɗinta, in ba haka ba ba za ta tashi ba. Ta Intel kuwa gurbinta LGA1700 ne. Wasu za su ce AM4 ta tsufa, tun 2016 take, a koma AM5. Gaskiya ne, amma AM5 ba ta karɓar komai sai RAM na DDR5, kuma farashin RAM ya yi tashin gwauron zabo daga ƙarshen 2025 saboda kamfanonin ƙirƙirarriyar basira suna wawashe shi. Ga mai kuɗin adashe, tsohuwar hanya ta fi.

RAM giga 16, amma sanda biyu masu giga 8, ba ɗaya ba, don biyun sun fi sauri. Ma'ajiya SSD mai tera 1, domin gem ɗaya yana iya cin giga 100, kuma sake sauke shi da datar waya wani asarar ne.

Wata dabara da ake yawan kawo mini ita ce a sayi tsohuwar kwamfutar ofis, Dell OptiPlex ko HP, a cusa mata kati. Wani lokaci tana yi. Sai dai da yawansu akwatin wutarsu ƙarami ne, mahaɗinsa na kamfanin ne kaɗai, siraran cikinsu kuma kati ba ya shiga. Ga shi Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma a hukumance ba ta karɓar Intel da ke ƙasa da zubi na takwas.

Game da sidi, kowa ya tuna 2022, lokacin da dala ta tashi daga wajen sidi shida ta doshi sha biyar cikin shekara guda. Wannan ya sa wasu ke sayen kaya ɗaya-ɗaya suna ajiyewa ƙarƙashin gado. Akwati da akwatin wuta ba laifi. Amma furosesa, madabod, RAM da kati a saye su a mako guda, domin ba za ka san lafiyar ɗaya ba sai da sauran, kuma garantin shago ba ya jiran ka gama tara kuɗi.

Akwatin kansa kuma, a bar ruɗin fitilu masu launi. A nemi mai raga a gaba da matatar ƙura da ake cirewa, fanka biyu na shigar da iska, ɗaya na fitarwa. A ɗora shi kan tebur, ba a ƙasa kusa da ƙofa ba. Daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da hunturu ke busowa, a wanke matatar duk mako biyu, a bari ta bushe sarai kafin a mayar.