Yashin Dutse: Yadda A Ke Yin Sa Da Yadda A Ke Gane Mai Kyau

Duk wanda ya zauna a Sabon Ibadan, unguwar da aka keɓe wa Hausawa tun 1916, ya saba ganin tifofi suna shigowa gari ɗauke da tsakuwa. Birnin a bisa dutse ya ke zaune, shi ya sa wuraren fasa dutse suka yawaita a gefen babbar hanyar Ikko da aka buɗe a 1978. Abin da yawancin jama'a ba su lura da shi ba shi ne, daga dutsen nan har yashi a ke samu.

Da fari a kan huda falalen dutse a ɗura nakiya a fasa shi. Sai a kwashi manyan ɓaraguzan a zuba wa injin farko, mai muƙamuƙai biyu na ƙarfe, ya farfasa su. Inji na biyu ya ƙara ragargaza su, kana a bi da su ta rariya hawa-hawa. Abin da ya tsaya a sama shi ne tsakuwa, ta milimita 20 ko ta 12. Abin da ya zube ƙasa da milimita 5, shi ne yashin dutse.

Amfaninsa a bayyane ya ke. Haƙar yashi a bakin kogi tana zubar da gaɓa, ta raunana gindin gada. Mutanen Ibadan kuwa sun san halin ruwa, gama ba su manta da ambaliyar kogin Ogunpa ta ran 31 ga Agusta 1980 ba, balle ta 2011.

Sai dai fa ba kowane garin dutse ne yashi ba, kuma a nan masu gini su ke asarar kuɗinsu. Idan ba a tace shi an wanke ba, ƙurarsa takan shanye ruwan kwaɓi. Birkila ya ga kwaɓi ya yi tauri, ya ƙara ruwa, ƙarfin kankare ya ragu, bayan 'yan shekaru ginshiƙi ya tsage. Tun kafin a biya kuɗin tifa, a zuba yashin cikin kwalba zuwa rabi, a cika da ruwa da ɗan gishiri, a girgiza, a ajiye kamar awa 3. Laka za ta kwanta a bisa yashin. In kaurinta ya wuce kashi 8 cikin 100 na tsayin yashin, kada a yi zubi da shi sai an wanke.

Leburori kuma su yi hattara. Ƙurar dutse tana taruwa cikin huhu ta sandarar da shi a hankali, ciwon kuwa ba shi da magani. Ɗaura ƙyalle a hanci bai isa ba. A nemi takunkumi na ainihi, a kuma riƙa yayyafa ruwa a bakin inji muddin yana aiki.