Tun Ran Gini, Ran Zane: Darasin Yaɓe ga Masu Inji da Masu Tsara Ɗaki a Damagaram

Idan bazara ta tsufa a Damagaram, hadari ya fara leƙowa daga gabas, mai ratsa lungunan Zango da Birni zai tarar da aikin da ba wanda ya yi shelarsa. Nan an jiƙa ƙasa ana cuɗa ta da ƙafa, can wani ya hau soro yana toshe tsaga, ga yaro yana zura kara cikin indararo yana fitar da sheƙar tsuntsu. Katanga ba ta faɗi ba tukuna. Don kada ta faɗi ne ake yaɓen.

A lungun nan dai kuma, ba wuya ka iske injin niƙa a kwance mako biyu, mata na ɗaukar hatsi zuwa wata unguwa, don mai shi bai sake masa mai ba har ya ƙone. Wataƙila ma shi ne mutumin da ke bisa soro. Gidan ƙasa ya san ba a jiran ruwa ya cinye shi. Inji kuwa, maganarsa ɗaya ce: "Ai yana tafiya, a bar shi."

Fannoni biyu na karatun sana'a suna tsaye a kan wannan giɓi. Na farko shi ne ilimin kula da injunan masana'antu, wanda takardun makarantun Nijar ke kira maintenance industrielle da Faransanci. Na biyu shi ne ilimin tsara cikin gini. A ido ba su da dangantaka: wannan baƙin mai ne da sifana, wancan labule ne da fenti. Amma tambayarsu guda ce. Abin da aka zuba dukiya aka kafa, wa zai sa ya daɗe, ya kuma yi daɗin zama da aiki?

Daga igwar Tanimun zuwa matatar mai

Ƙarfe ba baƙo ba ne a garin nan. A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya kewaye Birni da ganuwa, ya kuma rasu a 1884, maƙeran Damagaram suna zuba igwa, ana haɗa albarushi a cikin gari. Jikokinsu na nan a kasuwa, suna mayar da tsohon sifirin mota garma, suna yanka ganga ta zama murhu. Hannu dai ba a rasa ba.

Sai dai ƙarfen yau ya sake hali. Ranar 28 ga Nuwamba 2011 aka buɗe matatar mai ta SORAZ, kimanin kilomita 50 arewa da gari a kan hanyar Tanut. An gina ta don tace ganga 20,000 a rana, ɗanyen mai kuwa yana zuwa ta bututu mai tsawon kilomita 462 daga Agadem. Kamfanin CNPC na ƙasar Sin ke da kashi 60, gwamnatin Nijar 40. Wuri irin wannan daji ne na famfuna, tukwanen tururi, injunan matsa iska da na'urorin awo, kuma ƙarami ɗaya daga cikinsu kan iya tsayar da sauran duka.

A watan Maris na 2025 hukumomin Nijar suka umarci shugabannin kamfanonin mai uku, ƴan Sin, su bar ƙasar, kuma cikin dalilan da aka bayar har da tazarar albashi tsakanin baƙi da ƴan ƙasa. Kukan mayar da aiki hannun ƴan gida yana da hujjarsa. Amma doka na iya sake sunan da ke ƙofar ofis a yini guda, ba ta iya haifar da kunnen da zai ji boris ya fara ci tun kafin ya yi ƙara. Wannan sai makaranta da shekaru.

Abin da ake koya wa mai kula da inji

Bakanike na gareji likitan gaggawa ne, sai mota ta mutu ake jawo ta gare shi. Mai kula da inji kuwa aikinsa ya fi kama da na malamar awo a asibiti: yaro lafiyarsa lau, amma ana auna shi kowane wata, ana rubutawa a kati. Kowane inji ma yana da katinsa. Awa nawa ya yi yana juyi, yaushe aka sake mai da matacin iska, wane ƙarfe aka canza, mene ne ya cinye shi.

Kulawar hawa uku ce. Akwai gyara bayan lalacewa, wanda kowa ya sani, kuma shi ya fi tsada, domin ban da kuɗin kayan gyara akwai asarar kwanakin da aiki ya tsaya. Akwai kulawa bisa jadawali, inda ake sake abu idan wa'adinsa ya cika ko da bai nuna gajiya ba. Sai sa ido da na'ura: a auna karkarwar inji, a auna zafinsa, a duba man da aka zuƙo daga cikinsa ko akwai garin ƙarfe. Inji bai cika mutuwar fuju'a ba. Yakan yi makonni yana faɗar ciwonsa, mai jin yaren ne ke wuya.

Don haka ɗalibin wannan fanni ba ya tsayawa ga abu ɗaya. Yana koyon karanta zanen inji, da lantarkin manyan injuna masu waya uku, da yadda mai ko iska da aka matse ke ɗaga nauyi, da walda, da ƙananan kwamfutocin da ke ba injuna umarni. Ana kuma horar da shi kan tsaron rai: kafin ya sa hannu cikin inji, sai ya kashe wuta, ya sa kwaɗo a makunni, ya jefa mabuɗin a aljihunsa, don kada wani ya zo ya kunna bai sani ba.

Ƙasarmu ma tana ƙara wa darasin nauyi. A Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40, kuma ƙa'idar da masu lantarki ke aiki da ita ita ce, duk ƙarin digiri 10 a kan zafin da aka ƙayyade wa injin lantarki yana raba kwanan rufin wayoyinsa biyu. Ƙurar hunturu na toshe matacin iska, ta gauraya da giris ta zama kamar dutsen wasa wuƙa, ta lulluɓe faifan sola ta rage masa ƙarfi. Jadawalin da aka rubuta don injin da ke Turai ba zai yi daidai da na Damagaram ba, sai an sami wanda ya san wurin ya gyara lissafin.

Kada kuma a ɗauka zancen matatar mai ne kawai. Ruwan da garin nan ke ƙishinsa tun kaka da kakanni famfuna ne ke turo shi daga Gogo-Macaya da Arunguza. A asibiti akwai injin wuta da firjin allurar rigakafi. Da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar a Agustan 2023, har zuwa Maris na 2024, kowa ya ga bambancin injin da aka riƙa kula da shi da wanda aka jingine ƙura ta rufe.

Ɗakin amarya ma makaranta ne

Wanda ya ce tsara ɗaki ilimin Turawa ne bai taɓa tsayawa ya kalli ƴan jere ba. Ranar da gwaggwanni da ƙawayen uwar amarya suka shiga ɗaki da kaya, ba sa riƙe da awo, amma sun san inda gado zai fuskanta, da yadda za a ɗora tasa bisa tasa daga babba zuwa ƙarama, da launin langar da zai zauna kusa da wani, da abin da idon baƙuwa zai fara sauka a kai. Haka magina. Gidajen attajiran Zango, unguwar da ta tashi a matsayin masaukin ayarin Sahara, an san su da zanen bango mai dagi da launuka. A ciki akwai bakan gizo da ɗaurin guga, ga azarar giginya wadda gara ba ta cika ci ba, ga makuba daga kwasfar ɗorawa mai ƙarfafa shafe. Tun 2006 Birni da fadar Sarkin Damagaram suna cikin jerin wuraren da Nijar ta gabatar wa UNESCO don neman shiga kayan tarihin duniya.

Yanzu leƙa sabon gida a bayan gari. Bulo, rufin kwano, silin roba, taga ɗaya, labule mai kauri, manyan kujerun da aka ɗinka don falon wata ƙasa, aka shigo da su da ƙyar bayan an cire ƙyaure. Kuɗi an kashe, kyau a hoto akwai, amma daga azahar ba mai iya zama ciki. Maigida na ƙofar gida bisa tabarma, uwargida na tsakar gida, falo ya zama ɗakin ajiyar kujeru.

A nan karatun tsara gini ke shigowa, kuma ado shi ne ƙarshen abin da yake koyarwa. Farko awo ne: kujera kimanin santimita 45 daga ƙasa, tebur kimanin 75, hanya wadda mutum biyu za su gitta, ƙofa wadda keken guragu zai shige. Sai iska da zafi: taga biyu masu fuskantar juna sun fi babba guda, sarari tsakanin kwano da sili yana buƙatar mafitar iska, bango mai kauri na ƙasa yana riƙe zafin rana ya sake shi da dare, farin shafe yana watsa haske ya rage buƙatar fitila. Sai tsaro: inda waya za ta bi tun kafin a yi filasta, kayan da ke saurin kama wuta su fitar da hayaƙi mai guba, da hatsarin kaskon gawayi a rufaffen ɗaki lokacin ɗari. Sai lissafin kuɗi da zane a kwamfuta, don mai gida ya ga ɗakinsa kafin ya sayi ƙusa ɗaya. Wannan ilimi ajin makaranta na buƙatarsa, haka ɗakin haihuwa, shago da otal.

Mai wannan ilimi shi ne kuma zai iya buɗe wa masu sana'ar gida kasuwa, ya sa fatar dukawan Damagaram a kujera, tukwanen Mirriya a zaure, saƙar kaba a sili. Ba mafarki ba ne. Masallacin Yama a jihar Tawa, aikin magini Falke Barmu, ya ci lambar Aga Khan ta gine-gine a 1986. A Dandaji, Mariam Issoufou da Yasaman Esmaili sun kammala ginin Hikma a 2018, inda tsohon masallaci ya koma ɗakin karatu, aka tayar da sabo da bulon ƙasa matsattse, tare da maginan yankin. Mai takarda da mai hannu ne suka zauna tabarma ɗaya.

Ina ake zuwa?

Tsanin yana nan. A ƙasa akwai cibiyoyin koyon sana'a na CFM da kwalejojin fasaha na CET. Mai takardar BEPC na iya neman makarantar fasaha irin ta Ɗan Kasawa a Maraɗi. Mai takardar BAC yana da cibiyoyin fasaha na jami'a, wato IUT: ta Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo a Maraɗi tana koyar da kanikanci, lantarki da gini, ta Jami'ar André Salifou a Damagaram tana da fannin tsara birane da awon ƙasa. A Yamai akwai EMIG mai horar da injiniyoyi da ƙwararrun ma'adinai da masana'antu. Mai son zanen gini yakan duba makarantar EAMAU da ke Lome, wadda Nijar na cikin ƙasashen da suka mallake ta, ko ya tsallaka Zariya, inda Jami'ar Ahmadu Bello ke da sashen zanen gini da na zanen kayan masana'antu. Asusun FAFPA kuma an kafa shi ne don tallafa wa horon sana'a da koyo a hannun masu gida.

Amma sunan makaranta ba ya ɗaure noti. Uba mai neman wa ɗansa ko ɗiyarsa gurbi ya kamata ya wuce ofishin darakta ya shiga ɗakin aiki. Injunan suna juyi ko lulluɓe suke? Ɗalibi nawa ke kan inji guda? Wata nawa ake yi ana koyon aiki a masana'anta, kuma a wace masana'anta? Makarantar da ke koyar da kula da inji alhali nata injin ya shekara a mace ta riga ta ba da amsa.

Sauran aikin na hukuma ne da masu sana'a. A buɗe wa tsofaffin magina da makanikai ƙofar aji su koyar, a biya su. A shirya wa yaran gareji da na kafinta jarrabawar da za ta ba su takardar shaida, da darasin awo da rubutu da yamma. Masana'antu su karɓi ɗalibai da gaske, ba don share fili da kai saƙo ba. Ƴan mata kuma, waɗanda iyayensu mata suka riƙe jere ƙarni bayan ƙarni, a daina ce musu awo da zane aikin maza ne.

Masu iya magana sun ce tun ran gini, ran zane. Ranar da aka sauke inji daga mota ya kamata a buɗe masa kati, ranar da aka ja igiyar harsashi ya kamata a san ta inda iska za ta shiga ɗaki. Wannan ba sabon hali ba ne da za a sayo daga waje. Mutumin da ke bisa soro da kwandon ƙasa tun hadari bai haɗu ba ya riga ya haddace darasin farko. Abin da ya rage shi ne ɗansa ya sauko da shi daga soron, ya kai shi ɗakin injin niƙa.